Tayirod ɗin Yayata yana aiki fiye da kima amma TSH ya faɗi ƙasa, ya abin yake?

Autar_Mama:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ku taimaka min da bayani don wallahi kaina ya kulle. Yayata ce ta ɗan jima tana ramewa alhali cin abincinta ma ƙaruwa ya yi, ga gumi ko ana sanyi, in ta ɗauki kofi sai ka ga hannun na rawa, zuciyarta na bugawa da sauri ko tana zaune ba ta yi aikin komai ba, barci ya gagara, abu kaɗan sai faɗa, mutumiyar da kowa ya sani da haƙuri. An auna suga babu, aka ce ko damuwa ce, daga baya dai likita ya lura gaban wuyanta ya ɗan tasa sai ya tura ta gwajin jini. Da sakamako ya fito ya ce gilan ɗinta na tayirod ne ke aiki fiye da kima, ya ɗora ta kan magani ya ce ta dawo bayan 'yan makonni.

To ni na karɓi takardar na duba, abin da ake ce wa T4 ya hau sama sosai, amma TSH ya faɗi kusan sifili. In dai abu yana aiki fiye da kima ai komai nasa sama ya kamata ya yi ko? Me ya sa ɗaya ya faɗi, ko dai an samu matsala ne a leb mu sake gwajin? Sannan ta yaya ɗan abu a wuya zai taɓa zuciya da hannu da barci har da halin mutum, ni abin ya min yawa. Kuma gilan ɗin nan ma menene asalinsa, nawa ne a jiki, me suke fitarwa? An koya mana sunayensu a sakandare amma ba a nuna mana yadda suke haɗuwa da juna ba. Ina so in fahimta sosai don ni ke kula da ita yanzu. Na gode.

Malamin_Bayoloji:

Wa'alaikumussalam Auta, Allah ya ba Yayarki lafiya ya sa kaffara ne. Bari in ɗauki tambayoyinki biyu na ƙarshe, ta TSH ɗin na bar wa mutanen leb don su ke ganin takardun nan kullum.

Gilan dai tarin ƙwayoyin halitta ne da aikinsu shi ne su haɗa wani sinadari su fitar da shi jiki ya yi amfani da shi. Iri biyu ne kuma bambancin a hanyar fita yake. Akwai masu bututu, abin da suka haɗa yana bi ta 'yar hanya ya zuba a wuri ɗaya, ko kan fata ko cikin baki ko cikin hanji. Su muka fi sani don muna ganin aikinsu da ido, gumi, yawu, hawaye, nono, maiƙon fata, har dauɗar kunne duk aikinsu ne. Na gumi kaɗai mutum yana da tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4, akasarinsu ruwa da ɗan gishiri suke fitarwa don sanyaya jiki, sai wasu a hammata da matse-matsi da ba sa fara aiki sai an balaga, kuma gumin nasu shi kansa ba shi da wari, ƙwayoyin cutar da ke kan fata ne ke cinsa warin ya tashi. Manyan na yawu shida ne, uku a kowane gefe, a rana suna fitar da daga rabin lita har lita ɗaya da rabi, kuma a cikin yawun akwai sinadarin da ke fara narkar da sitaci tun abinci yana baki. Wanda ke gaban kunne shi ne ke kumbura in yaro ya kamu da hangum. Mafi girma a duka ita ce hanta, kusan kilo ɗaya da rabi, ita ke haɗa ruwan nan mai ɗaci da ke taimakawa wajen narkar da kitse, matsarmama ajiye shi kawai take yi ta matso shi cikin hanji in an ci abinci.

Iri na biyu su ne marasa bututu, kuma a nan tayirod yake. Su kai tsaye cikin jini suke zuba abin da suka haɗa, shi ne ake kira homon. To kinga jini babu inda ba ya zuwa, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa, shi ya sa abin da aka zuba a wuya cikin ɗan lokaci ya zaga jiki duka. Da can masana sun ɗauka jijiyoyin saƙo ne kaɗai ke haɗa gaɓa da gaɓa, sai a 1902 wasu masana biyu a Landan, Bayliss da Starling, suka yanke jijiyoyin wani ɓangare na hanjin kare, suka zuba asid a cikinsa, amma duk da haka fankiriyas, wani gilan da ke bayan tumbi, ya fara fitar da ruwansa. Ashe hanjin ne ke sakin wani sinadari cikin jini ya je ya taso shi. Daga nan aka gane akwai saƙon da ke tafiya ta jini.

Sai dai ba kowace ƙwayar halitta ke amsa kowane homon ba, sai wadda take da wurin karɓarsa. Abin da ya sa na tayirod ya fita daban shi ne kusan kowace ƙwayar halitta a jiki tana da wurin karɓarsa, kuma aikinsa shi ne saita saurin da jiki ke ƙona abinci ya mayar da shi ƙarfi da ɗumi. Yanzu ki ɗauki alamun Yayarki ɗaya bayan ɗaya. Jiki na ƙona abin da ta ci da sauri fiye da yadda take ci, dole ta rame ko da ta ƙara ci. Ƙonawar tana haifar da zafi, dole gumi ya zubo don a sanyaya. Sannan homon ɗin yana sa zuciya da jijiyoyi su ƙara jin adirinalin, homon ɗin nan da ke hawa in mutum ya firgita, wato ɗan adirinalin ɗin da kowa ke da shi a jini a wajenta yana aiki kamar an ninka shi, ga saurin bugun zuciya ga rawar hannu ga rashin barci ga saurin fushi. Wannan na ƙarshen ina so ku riƙe shi da kyau a gida, ba halinta ne ya canza ba, ciwo ne, ku yi ta haƙuri da ita kar a riƙa mata gori.

Sauran marasa bututun a gurguje: fituwitari a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, nauyinsa wajen rabin giram ne kawai amma shi ke ba da umarni ga da yawa daga cikinsu, shi ke fitar da homon ɗin girma da furolaktin mai kawo ruwan nono, kuma ta nan ake sakin oksitosin mai sa naƙuda da wanda ke hana ƙoda zubar da ruwa da yawa. Akwai 'yan ƙanana huɗu manne a bayan tayirod masu kula da kalsiyam a jini. Adirinal biyu, ɗaya a kan kowace ƙoda. Wani ɗan ƙarami a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ke sakin melatonin mai taimakon barci in duhu ya yi. Sai gidan ƙwan mace mai fitar da istirojin da furojestaron, da 'ya'yan maraina masu fitar da testostaron. Fankiriyas shi aiki biyu yake yi, mafi yawansa mai bututu ne yana zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji, sai wasu 'yan tsibirai a cikinsa da ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, su ke zuba insulin cikin jini. Wannan ɗan kason in ya lalace shi ne ciwon suga irin na farko, wanda kafin Banting da Best su ciro insulin a Toronto a 1921 yaron da ya kamu da shi ba ya daɗewa.

Ɗan_Leb:

Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, takardar nan daidai take, yadda kika karanto ta ma shi ne ainihin yadda sakamakon mai irin ciwon yake fitowa. Inda kika rikice shi ne kin ɗauka T4 da TSH wuri ɗaya suke fitowa. A'a. T4 da T3 su ne na tayirod, lambar ma yawan aidin ɗin (sinadarin nan da ake sa wa a gishiri) da ke manne a jikin kowanne take nufi, huɗu da uku. TSH kuwa fituwitarin nan da Malam ya ambata ne ke fitar da shi, kuma aikinsa kawai ya je wuya ya ce wa tayirod tashi ka yi aiki.

Ki ɗauka kamar uwa ce ke kiran ɗanta daga ɗaki. In ta kira shiru sai ta ɗaga murya, in har yanzu shiru ta ƙara ɗagawa. In kuwa yaron yana gabanta ya cika ta da surutu ai ba za ta kira shi ba ma. TSH shi ne muryar. Fituwitari kullum yana ɗanɗana jinin da ke wucewa, in ya ji homon ɗin tayirod ya yi kaɗan sai ya ƙara TSH, in ya ji ya yi yawa sai ya rage, in ya yi yawa sosai ya daina fitarwa gaba ɗaya. Shi ya sa muke karanta shi a juye, TSH sama yana nuna tayirod ya yi sanyi, TSH ƙasa yana nuna ya yi zafi. A yawancin leb abin da ake ɗauka daidai yana tsakanin 0.4 zuwa 4.0 ne ko kusa da haka, kowane leb yana rubuta nasa a gefen sakamako.

To za ki ce in fituwitari ya yi shiru waye ke ci gaba da tunzura tayirod ɗin? A mafi yawan masu irin wannan, musamman mata masu ƙuruciya, garkuwar jiki ce ke haɗa wasu sojoji bisa kuskure waɗanda ke zuwa su zauna daidai wurin da TSH ke zama, tayirod ya ɗauka umarni ne daga sama ya yi ta aiki ba tsayawa, kuma su waɗannan fituwitari ba shi da iko da su. Wannan shi ne ciwon Graves, sunan wani likita ɗan Ayalan da ya yi bayaninsa a 1835. Shi ne kuma wanda a wasu yake sa ido ya firfito. Amma ba shi kaɗai ba ne, wani lokaci ƙulli ne a cikin gilan ɗin ke aiki shi kaɗai ba ya jin umarnin kowa, wani lokaci kuma gilan ɗin ne ya kumbura ya zubar da ajiyarsa cikin jini lokaci guda, wannan sau da yawa yana lafawa da kansa. Akwai gwajin jini na neman sojojin nan, akwai kuma hoto, ku tambayi likitan wanne ne nata don maganin ya danganta da haka.

Abu ɗaya da nake so ki sani tun yanzu don kar ki sake tsorata, in an sake gwaji za ki iya ganin T4 ya dawo daidai amma TSH yana nan a ƙasa. Ba wai maganin ba ya aiki ba ne, fituwitarin da ya daɗe a kwance yana ɗaukar makonni wani lokaci watanni kafin ya farfaɗo, shi ya sa a farkon magani likitoci T4 da T3 suka fi kallo.

Baban_Yara:

Allah ya ƙara lafiya. Ni tambayata ga masana, wannan tasowar wuyan ba shi ne maƙoƙo ba? Ni dai abin da na sani tun muna yara shi ne rashin aidin ke kawo maƙoƙo shi ya sa ake sa shi a gishiri, to me zai hana a nemo mata aidin ɗin ta sha a huta? Sannan ɗana ma yana yawan samun kaluluwa a gefen wuya in mura ta kama shi, shi ma gilan ne ke damunsa ke nan, in kai shi a auna masa TSH ɗin?

Anti_Nas:

Baban_Yara dan Allah kar a ba ta aidin, ina roƙo. Eh duk kumburin tayirod maƙoƙo ne, amma maƙoƙo ba sanadi ɗaya gare shi ba. Wanda ka sani na rashin aidin ga yadda yake faruwa, gilan ɗin ba shi da kayan aiki don da aidin ake haɗa homon ɗin, homon ya yi kaɗan, fituwitari ya yi ta turo TSH, shi kuma TSH bayan tunzura aiki yana sa gilan ɗin girma, a hankali wuya ya tasa. Wannan aidin ne ke kare shi kuma ɗan kaɗan ake buƙata, babba maikirogiram 150 a rana, mai ciki 250. Amma Yayar Auta kishiyar haka ne, homon ya mata yawa, in ka ƙara mata aidin ka ƙara wa gilan ɗin kayan haɗa abin da ke cutar da ita. Gishirin da kowa ke amfani da shi ba matsala, amma ƙwayoyin ƙarin aidin ko wani haɗi da aka ce yana maganin maƙoƙo, a'a sai in likita ne ya rubuta.

Na ɗanka kuwa wani abu ne daban. Kaluluwa ba ta fitar da homon, matatar garkuwar jiki ce, in cuta ta shiga maƙogwaro ko kunne ko haƙori sai sojojin jiki su taru a wadda ke kusa ta kumbura ta yi ciwo, in ciwon ya warke ta sace. Ba ruwanta da TSH. Hanya mai sauƙi ta bambancewa, ka sa mutum ya haɗiye yawu kana kallon wuyan, tayirod a gaba yake ƙasan maƙoshi kuma yana hawa ya sauko in an haɗiya, kaluluwa ba ta bin haɗiya. Wadda za ka kai asibiti ita ce wadda ta yi makonni ba ta sace ba, ko tana ƙara girma, ko ta yi tauri ba ta ciwo, ko ga rama da zazzaɓi da gumin dare.

Auta yanzu ke, tunda ke ke kula da ita ki saurare ni da kyau. Ki duba sunan maganin, mai yiwuwa kabimazol ne, shi ke hana gilan ɗin haɗa sabon homon amma ba ya taɓa wanda ya riga ya tara, shi ya sa sai an yi makonni kafin ta ji sauƙi sosai, kar ta ce ba ya aiki ta ajiye. Sau da yawa ana haɗa shi da furofanolol don rage bugun zuciya da rawar hannu kafin wancan ya kama, in tana da asma lallai likita ya sani don wannan bai dace da mai asma ba.

Abin da na fi damuwa ki riƙe: kabimazol a wasu 'yan ƙalilan yana kashe fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta. In ta samu zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ta dakatar da maganin ku tafi asibiti a ranar a auna jini, ba gobe ba, kar a ce mura ce a sha farasitamol a kwanta. Haka in ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu. In kuma kika ga zazzaɓi mai zafi sosai da bugun zuciya kamar zai fita da ruɗewa ko amai da gudawa, wannan na gaggawa ne. Sannan in tana da aure kuma akwai yiwuwar ciki ta faɗa wa likita tun kafin ya shiga, don a watannin farko ana canza maganin zuwa wani, kuma an fi so a daidaita homon ɗin tukuna. In ciwon Graves ne maganin yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wasu ya tafi ke nan wasu ya dawo, in ya dawo akwai aidin na musamman mai rediyeshon, ba irin na gishiri ba, da ake sha ya rage gilan ɗin, akwai kuma tiyata. Duk ana yi kuma mutane suna rayuwarsu lafiya lau bayan haka. Kuma a nisanta ta da hayaƙin sigari, yana ƙara matsalar idon.

Ummu_Yasmin:

Auta sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki. Ni kishiyar nata gare ni, nawa tayirod ɗin sanyi ya yi, kuma bayan haihuwa abin ya fara. Gajiya wadda ba ta misaltuwa, in tashi daga barci kamar ban kwanta ba, jin sanyi kowa na fifita, ƙiba ba tare da na ƙara ci ba, gashi na zubewa, fata ta bushe, bayan gida da ƙyar, ga mantuwa, in shiga ɗaki in rasa me na zo ɗauka. Kowa cewa yake hidimar jariri ce, har aka daɗe kafin a auna, da aka auna TSH ɗina can sama yake, yadda Ɗan_Leb ya faɗa ɗin nan. Likita ya ce nawa ma garkuwar jiki ce amma ita cinye gilan ɗin take yi a hankali, Hashimoto ake ce masa.

Yanzu ƙwaya ɗaya nake sha kullum da safe, lebotairoksin, ciki ba komai da ruwa zalla, in jira kamar rabin awa zuwa awa kafin in ci wani abu, kuma maganin ƙarin jini ko kalsiyam sai na ba da tazarar awa 4 don suna hana shi shiga jiki. Alhamdulillah na dawo mutum. Na kawo wannan ne don ki san alamun, saboda mai shan irin maganin Yayarki in ya mata yawa za ta iya faɗawa ɓangarena, in kika ga ta koma yawan barci da jin sanyi da kumburin fuska ku koma a rage mata. Kuma mata dan Allah in gajiyar bayan haihuwa ta wuce misali a auna, ba komai ba ne lalaci.

Autar_Mama:

Kai Alhamdulillah, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Yaya Ɗan_Leb yanzu na gane takardar sarai. Anti na duba kabimazol ɗin ne da ɗayan da kika faɗa, ba ta da asma, kuma na rubuta alamun nan na haɗari na manna inda take ajiye maganin. Sai wani abu kuma, ramar tana damunta sosai har ba ta son fita, shi ne wata ƙawarta ta kawo mata wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi wai maganin ƙiba ne cikin sati biyu za ta murmure, na karanta jikin takardar deksametazon ne. Ba ta fara sha ba na ce ta bari in tambaya. Akwai matsala in ta haɗa?

Ɗan_Famasi:

Auta kin kyauta da kika hana ta, ki ɗauke shi daga ɗakin ma. Deksa ba maganin ƙiba ba ne, kwaikwayon homon ne, kuma ta riga tana fama da gilan ɗaya kar ta jawo wa kanta matsalar na biyu.

Adirinal ɗin nan da ke kan ƙoda, tsakiyarsa ke fitar da adirinalin, bawonsa kuma yana fitar da wasu, ciki har da mai riƙe gishiri da ruwa a jiki da kuma kotizol. Kotizol shi ke riƙe hawan jini da sugan jini kar su faɗi, shi ke ɗaukar jiki in an shiga wahala kamar zazzaɓi mai tsanani ko rauni ko tiyata, yana hawa da asuba ya sauka da dare. Ba a rayuwa babu shi. Deksa aikin kotizol yake yi amma ya ninka shi ƙarfi sama da sau 20, shi ya sa 'yar ƙwayar take da ƙanƙanta mutane suke raina ta.

Ƙibar da yake kawowa ba lafiya ba ce, ruwa ne da kitse da ke taruwa a fuska da ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa kuwa sirancewa suke don naman tsoka yake cinyewa. Fata ta yi laushi ta tsage ta yi jan zane, ƙuraje, hawan jini, suga ya hau har wani ya zama mai ciwon suga, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi ciwo kaɗan ya zama babba. Ki haɗa wannan da mai shan kabimazol wadda dama ana sa ido kan garkuwarta, ga shi kuma deksa yana ɓoye zazzaɓi, alamar da Anti ta ce ki lura da ita sai ta ɓace miki. Yawan homon ɗin tayirod shi ma yana cin ƙashi da tsoka, to an haɗa biyu ke nan.

Sannan abin da ya fi ba ni tsoro wanda masu sha ba su sani ba, tsarin nan da Ɗan_Leb ya bayyana na TSH haka yake a nan ma. Fituwitari yana da wani homon da yake tura wa adirinal, in ya ji jini cike da deksa sai ya ɗauka kotizol ya wadata ya daina turawa, adirinal ya zauna ba aiki har ya shanye. Wanda ya sha sama da kamar sati uku in ya tsaya rana ɗaya jikinsa ba na waje ba na ciki, sai jiri da amai da kasala, hawan jini ya faɗi, wani har ya suma, ana mutuwa ta haka. Shi ya sa ake janye shi a hankali ana rage adadi, kuma duk mai karanta wannan da ya daɗe yana sha kar ya tsaya yau don ya tsorata, ya je wajen likita ya faɗi gaskiyar abin da yake sha a tsara masa yadda zai sauka. Mayukan bilicin da yawa ma akwai irin wannan sinadarin a ciki, kulobetazol, yana ratsa fata ya shiga jini in ana shafawa jiki duka tsawon lokaci.

Ban ce mugun magani ba ne fa, yana ceton rai a asma mai tsanani da kumburin ƙwaƙwalwa da sauransu, har a ciwon Yayarki likita zai iya ba da irinsa in ido ya yi tsanani, amma da dalili da adadi da ranar tsayawa. Batun rama kuwa ki faɗa mata ta yi haƙuri, da zarar homon ya daidaita jiki zai daina ƙona abin da take ci, nauyin yana dawowa da kansa, da yawa ma daga baya ƙorafinsu shi ne ya wuce inda yake da.

Ɗan_Leb:

Maganar ƙwayoyin da ƙawaye ke kawowa ta tuna min, Auta ki tambaye ta ko tana shan irin bitamin ɗin nan na gyaran gashi da farce masu bayotin da yawa a ciki. Shi ba ya taɓa gilan ɗin amma a wasu na'urorin gwaji yana rikita sakamako, ya nuna TSH ƙasa T4 sama fiye da yadda suke a gaskiya. In tana sha ta faɗa wa likita, kuma ta ajiye shi aƙalla kwana 2 kafin gwaji na gaba. In da hali ku koma leb ɗin da aka yi na farko don a kwatanta lambobin da ma'auni ɗaya, ku tafi da tsohuwar takardar.